Tagogin da Rabe Ya Toshe

Jibiya, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanena Badaruddeen, a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Mutmainna da jaririyarku da har yau ban sa ta a ido ba. Ka gaida Baba Zunnuraini, ka ce ina tambayar ƙafarsa. Ni ce Barira, jikar Inna Tsahara yayar kakarka. Na san ba ka saba ganin rubutuna ba. An kashe mana sabis ɗin waya, mai son kira sai ya je Magama ya tsaya cikin jama'a yana laluben layinku na Nijar, maganar da ke bakina kuwa ba ta cikin jama'a ba ce. Shi ya sa na ba Nasiru direba wannan takarda.

Mu nan da sauƙi, ban da ƙanena Lawwali. Yau kwanansa tara a asibiti a Katsina. Ya farfaɗo, yana cin abinci, amma hannunsa na rawa, kuma jiya sau uku yana tambayata sunan unguwarmu.

Ga yadda abin ya faru. Tun da mai ya yi wuya aka kuma takura wa babura, mutane suka koma kan keke. Masu dakon kaya zuwa Gangara da Kusa suka haɗa ƙungiya, suka buɗe wurin gyara na kowa da kowa, suka ɗora Lawwali a kai don shi ya fi su hannu. Wurin wani ɗaki ne na ƙarƙashin ƙasa a gidan Rabe, kusa da tasha, inda a da ake ajiye buhuna. Rabe kuma shi ne shugaban ƙungiyar. Ɗakin yana da ƙofa ɗaya a saman matakala da ƙananan tagogi biyu daidai da ƙasan titi. Ta nan iska ke shiga.

Bayan babbar salla Rabe ya ga masu keke na taruwa a ƙofarsa, sai ya yi sha'awar sayar musu da ruwan sanyi. Ya kafa rumfa a jikin bangon, ya sa aka toshe tagogin nan biyu da bulo da siminti don firijinsa ya samu wurin jingina. Janaretan da ke ba firijin wuta kuma ya ce ƙararsa na korar masu saye, ya sa aka saukar da shi ƙarƙashin matakala, cikin ɗakin. Lawwali ya yi magana. A gabana ya gaya wa Rabe kansa na sara kullum da azahar. Rabe ya ce, "To ka sha magani mana, ni likita ne?"

Ranar Lahadin nan aka yi ruwa da hantsi, Lawwali ya ja ƙofa don kada ruwan ya gangaro. Inusa abokin aikinsa ya dawo daga sayen taya ya same shi kife a kan keken da yake wa faci. Da ƙyar ya jawo shi sama, shi ma yana fitowa ya zube a cikin taɓo. Likita ya ce hayaƙin inji ne.

Da abin ya tsaya nan da na ce ƙaddara. Amma Rabe yana bin shaguna yana cewa ba hayaƙi ba ne, wai Lawwali sholishon faci yake shaƙa ya bugu. Lawwali, wanda ko goro bai ci! Maganar ta kai gidan su Sumayya da aka sa musu rana, mahaifinta ya aiko a dakata tukuna. Wallahi Badaru ba zan bar wa Rabe wannan ba, ko zan ƙare a kansa.

An ce mini fentin mota kake yi a garejin da ke da ɗaki rufaffe, ka san sha'anin iska da hayaƙi. Ɗakin taku goma ne a tsaye, shida a kwance, mai tsayi yana taɓa rufinsa da hannu. Ina so ka gaya mini, in an rufe ƙofa an tayar da ƙaramin janareta a irin wannan ɗaki, minti nawa babban mutum mai jiki zai yi kafin ya faɗi? Kuma zai ji alama har ya iya gudu, ko ba zai ji ba? Ka ba Nasiru amsa ranar da zai juyo.

Yayarka, Barira.

Maraɗi, 19 ga Satumba, 2021

Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni a gareji, na karanta ta a tsaye. Muna lafiya lau, jaririya sunanta Rahma, ta fara zama. Baba na amsawa, ƙafar ta yi sauƙi. Labarin Lawwali ya tayar mana da hankali ƙwarai, Mutmainna har da kuka. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne.

Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan ce. Na karanta ƙarshen takardarki sau huɗu. Kin ce ba za ki bar wa Rabe ba ko za ki ƙare a kansa, sannan kin tambaye ni minti nawa babban mutum mai jiki zai yi, da ko zai iya gudu. Lawwali dai siriri ne tun muna yara. Na tambayi Nasiru kamannin Rabe, ya ce mini ƙato ne.

Ba zan ba ki wannan lissafi ba. Na san amsar, amma ba zan rubuta ta ba. Kina da 'ya'ya uku, kina koyar da 'ya'yan mutane a lakwal, wato makaranta, kuma Lawwali ba shi da mai jinya sai ke. In wani abu ya samu mutumin nan a ɗakin nan, ke za a fara nema, ni kuma takardata ce za a samu a jakarki. Ko ba a kama kowa ba, akwai tsayuwa gaban Allah. Ki kai maganar wurin mai unguwa ko limami. Ki bar zuciya ta huce kwana biyu.

Ban gaya wa Baba ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba. Ki gaishe mini da Lawwali in yana gane suna.

Ƙanenki, Badaruddeen.

Jibiya, 3 ga Oktoba, 2021

Badaru,

Bayan sallama. Muna nan. An sallamo Lawwali, yana ɗakin soro a gidana. Yana tafiya da kansa, yana salla, amma in ya ɗauki kofi sai rabin ruwan ya zube. Allah Ya raya Rahma.

Kwana goma takardarka na ƙarƙashin tabarmata ban iya ba ka amsa ba, don da na rubuta a ranar, da zumuncin kakanninmu ya yanke. Ashe kallon mai kisan kai kake mini? Na tambaye ka ne don in samu abin da zan tsaya da shi gaban mahaifin Sumayya da 'yan ƙungiya, in ce ga abin da masanin aikin ya faɗa, ko ƙato ne ya shiga ɗakin nan sai ya faɗi, ba sai ɗan maye ba. Abin da nake nufi ke nan da mai jiki. Mai unguwar da kake turo ni wurinsa na je. A rumfar Rabe na same shi yana shan lemo.

Amma tun da kai ka kawo maganar, bari in gaya maka gaskiya. Kafin takardarka ban taɓa tunanin haka ba. Bayan ta, na yi. Na zauna ina wanke-wanke ina ganin Rabe a ƙasan matakalar nan, ni kuma a sama riƙe da ƙofa. Ba zan aikata ba. Amma daɗin da na ji a raina ba zan ɓoye maka ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ba a rufe wurin ba. Inusa ya ce shi ba zai ƙara sauka ba, yana facinsa a gindin bishiyar bedi. Sai Rabe ya ɗauko ƙanensa Shamsu, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya ba shi bencin Lawwali da kayan aikinsa. Tagogi na nan a toshe, janareta na nan a ƙasa, sai dai yanzu suna barin ƙofa a buɗe. Ranar Laraba ina dawowa daga makaranta na ga Shamsu a bakin kwata, ya dafe kai yana amai. Idonsa ya yi ja. Haka Lawwali ya riƙa yi sati biyu kafin ya faɗi. Ya ɗago ya ce, "Malama, sannu da dawowa." Na ce, "Yauwa, sannu da aiki." Na wuce abina.

Ban ce masa komai ba, kuma ba ni da niyyar cewa. Ranar da aka fito da Shamsu a kafaɗa, sai in ji ko shi ma Rabe zai ce sholisho ne. Ka ga ba sai na taɓa ƙofar kowa ba. Ka riƙe lissafinka.

Barira.

Maraɗi, 6 ga Oktoba, 2021

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, ina fatan Lawwali na ƙara samun ƙarfi. Na yi miki mummunar fahimta, na kuma ji kunya. Ki yafe mini. Ga amsar da ya kamata in ba ki tun farko, ki karanta wa duk wanda kike so.

A ɗaki irin wanda kika kwatanta, in ƙofa na rufe, ƙaramin inji na iya kayar da mutum kafin a gama shan shayi zagaye ɗaya. Ƙato da siriri duk ɗaya ne. Abin da ke kisa a cikin hayaƙin ba shi da wari, ba shi da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya ce bari ya ɗan zauna, daga nan ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Mantuwa da rawar hannu bayan an farfaɗo duk aikinsa ne. A garejinmu akwai wani dattijo da ya taɓa shiga irin wannan, har yau ba ya riƙe lissafin raka'a. Barin ƙofa a buɗe ba ya isa, don iska ba ta sauka rami da kanta in ba ta da mafita.

In za a ci gaba da aiki a wurin, ga abin da ya wajaba. Janareta ya fito waje, nesa da ƙofa da tagogi, bakin hayaƙinsa na kallon fili. A fasa tagogin nan biyu, a sa musu raga don ɓeraye da ɓarayi. A ɗaya a kafa fanka mai jan iska waje, ɗayar a bar ta tana shigo da sabuwa. Tururin esansi, wato fetur ɗinku, da na sholisho da na fenti sun fi iska nauyi, a ƙasa suke kwanciya, don haka a haɗa wa fankar bututu ya sauko har kusa da daɓe. Wanke sarƙa da fetur da fesa fenti a yi su a waje. Kada a jingina keke ko ɗaya a kan matakala, ita kaɗai ce mafita. A ajiye bokitin yashi. Ba ashana, ba sigari. Na zana miki hoton a bayan takardar.

Yanzu maganar Shamsu. Yaya, don girman Allah. Kin ce ba sai kin taɓa ƙofa ba, amma damina ba ta gama wucewa ba. Ruwa ɗaya za a yi ya ja ƙofar da hannunsa kamar yadda Lawwali ya yi, kuma ba lalle a samu wani Inusa ya dawo a kan lokaci ba. Shamsu bai toshe taga ba, bai yi wa kowa ƙazafi ba. In ya mutu, Rabe zai zauna a tabarma mutane na zuwa yi masa ta'aziyya, a tausaya masa, sunan Lawwali kuma ya zauna yadda ya ɓata shi. Ba na ce ki yafe ba. Ki kama Rabe da rai da lafiya, a gaban mutane, ki sa ya haɗiye maganarsa. Amma ki fara fito da Shamsu yau, kafin ki ajiye takardar nan.

Ƙanenki, Badaruddeen.

Maraɗi, 27 ga Oktoba, 2021

Yaya Barira,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Sati uku ke nan ba amsa. Motar Nasiru ta lalace, wani direba ne ke zuwa a madadinsa, na tambaye shi labarin Jibiya ya ce ya ji an yi taro a ƙofar wani Rabe kusa da tasha, an jawo wani abu daga rami da igiya, har an zubar da jini, an kuma rushe wuri. Bai san ko wane ne ba. Tun ranar ban iya riƙe bindigar fenti daidai ba. In takardata ta iso a makare, ki gaya mini. In wani abu ne daban, shi ma ki gaya mini. In ban ji daga gare ki ba zuwa Juma'a, zan taho da kaina.

Badaruddeen.

Jibiya, 28 ga Oktoba, 2021

Ƙanena Badaru,

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya mutu sai zakara. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Na yafe maka tuni. Jinkirin amsa rashin Nasiru ne, ban yarda in ba baƙon direba takarda ba sai yau da ka matsa.

Takardarka ta shida ga wata ta iso ran tara. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban tashi a ranar ba kamar yadda ka ce. Na kwana biyu da ita. A rana ta uku da safe hadari ya haɗu ta gabas, ina aji ina rubutu a allo, sai na tuna maganarka ta ruwa da jan ƙofa. Na bar yara da wata malama na nufi tasha. A hanya na ci karo da Hafsat matar Shamsu, ita ma gidana za ta. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Malama, don Allah yaya ciwon Lawwali ya fara? Mutane sun fara cewa Shamsu ma yana shaƙe-shaƙe, har uwata ta ji." Na ce mata, "Ƙaryar da yayan mijinki ya dasa ce ta biyo ku gida. Zo mu je." Muka tsaya a saman matakala ta ƙwala masa kira har ya fito. Na karanta masa takardarka a tsaye. Bai koma ya ɗauko ko hularsa ba.

Inusa ya tara 'yan ƙungiya bayan la'asar, sun fi talatin, kekuna jingine har bakin titi. Na aika aka kira mahaifin Sumayya da liman. Na karanta bayaninka daga farko har ƙarshe. Rabe yana zaune a rumfarsa yana kaɗa ƙafa, ya ce, "Wani mai fenti a Maraɗi ne zai koya mini gidana?"

Na ce, "A'a Rabe, kai za ka koya mana. Ka ce ba hayaƙi ba ne. Ga ɗaki, ga injinka. Sauka ka zauna a bencin Lawwali, mu ja ƙofa kamar ranar, minti goma sha biyar kawai. In ka fito da ƙafarka, ni da bakina zan zagaya tasha in ce ƙanena ɗan maye ne."

Badaru, da ma kana wurin. Ya dubi matakalar, ya dubi mutane. Ya ce shi ba yaro ba ne da mace za ta yi wa umarni. Liman ya ce, "Ai ba umarni ba ne, Malam Rabe, hanya ce ta wanke kanka." Ya ce yana da hawan jini. Wani daga baya ya ce, "Da ma ka san abin da ke ciki ke nan!" Shamsu kuwa ya matso gabansa ya ce, "Yaya, wurin da ba za ka iya minti goma sha biyar ba ka ajiye ni sati uku?"

Kada ka ɗauka da gaske zan bari ya sauka. Na san ba zai yarda ba, kuma ƙin nasa nake so kowa ya gani. Amma ban tsaya nan ba. Inusa ya kamo zakaran Rabe da ke kiwo a gindin rumfa, aka sa shi a kwando aka zura da igiya, aka ɗaura wata igiyar a makashin injin, aka ja ƙofa. Liman na riƙe da agogo. Da aka kashe injin aka jawo kwandon, zakara na kwance wuya a lanƙwashe. Inusa ya yi maza ya yanka shi kafin ya zama mushe. Jinin da aka ba ka labari ke nan.

'Yan ƙungiya suka so su rushe rumfar da kansu, na ce a'a. Na karɓi guduma na miƙa wa Rabe, na ce wanda ya toshe shi zai buɗe. Ya ja firijinsa gefe, ya durƙusa da babbar riga yana fasa bulo, gumi na zuba, ba wanda ya taya shi. Da ya gama, liman ya sa ya maimaita sau biyu da ƙarfi cewa ƙarya ya yi wa Lawwali. A wurin aka sauke shi daga shugabanci aka ba Inusa. An bi zanenka. Fanka na aiki, bututu ya sauka har ƙasa, janareta na can bayan gida a cikin keji. Shamsu ya warke, ya koma aiki.

Mahaifin Sumayya ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya ce magana na nan. Ni ce na ce a jira, don ban san wane Lawwali za a ba yarinyar ba. Makon jiya Inusa ya kawo masa taya da faci don ya gwada hannu, ya daɗe yana juya su, sannan ya ajiye ya juya fuska bango. Likita ya ce wasu na dawowa a hankali, wasu ba sa dawowa duka.

Shekaranjiya da hantsi Rabe ya yi sallama a ƙofarmu, liman ne ya turo shi dubiya. Ina tsaye a bakin soro ina jira in ga yadda Lawwali zai dube shi, don wannan kallon na daɗe ina tanadi. Lawwali ya tashi da fara'a, ya ba shi hannu biyu, ya gyara masa tabarma. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Daga ina? Ka yi haƙuri, ban shaida ka ba." Lawwali ya juyo ya ce, "Yaya, a kawo wa baƙo ruwa mana."

Na shiga na ɗebo a randa, na kawo na ajiye a gabansa, don ƙanena ne ya ce. Rabe ya ɗaga kai ya ce, "Malama, ki yafe mini." Na ce, "Wanda ka yi wa laifi ga shi nan, ka bari ya gane ka tukuna, sai ka roƙe shi." Ya tashi ya tafi bai taɓa ruwan ba.

Ka taho ranar Juma'ar da ka ce, ka zo da Mutmainna da Rahma. Ka duba mana fankar ko an kafa ta daidai. Ka gaida Baba.

Yayarka, Barira.